Ranar da Baba Saje Ya Zo Narayi

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin mulkin soja, yayana yana koyar da fizis a wata sakandare a Kakuri. Ni kuma na gama tawa sakandaren, ina koyon tafireta a wani shago kusa da kasuwa. Wani abokinsa da ke karatu a waje ya aiko masa da kwafin wata takardar bincike, daga nan muka rasa kansa. Kullum lissafi, ni kuma ya mai da ni mai buga masa. Injin shagonmu ba shi da alamomin da yake so, sai in bar gurbi ya cike da biro. Na buga abin har ya zauna mini a ka, ba don ina so ba.

Ga yadda yake. Mutum biyu suna son mabuɗin sirri da za su riƙa kulle saƙonsu. Ɗaya zai tura wa ɗayan ƙwayoyin haske, ɗai-ɗai, kowace a karkace ta wata fuska. Duk wanda ya tare su a hanya don ya leƙa, dole ya birkita wasu. Su biyun sai su gwada wani ɓangare a fili. In ya saɓa, sun san akwai ɗan leƙe, su zubar su sake. In ya dace, sauran ya zama mabuɗi. Na ce masa ai in ana son sirri sai a yi shiru, ya ce kaina ba ya ja.

A lokacin yana neman wata nas 'yar cocinmu. Mahaifinta ya rasu, ƙanin mahaifin ne mai ba da ita, wani tsohon saje da ya yi aikin sadarwa a soja. Kowa Baba Saje yake ce masa. Ya aiko cewa kafin manyanmu su je gaisuwa, shi zai zo gidanmu a Narayi ya ga yaron da idonsa.

Ya zo ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Babanmu ya karɓe shi a falo, ni na kawo kunu. A gidanmu yarinya takan durƙusa ta ajiye faranti ta fice, amma kofuna ba su isa ba, na je na dawo da wani. Na tarar Baba Saje yana tambayar Yaya abin da yake yi ban da alli da allo. Yaya, wanda babu mai saurarensa a gida, ya samu kunne. Ya zuba bayani har da zana iska da yatsa.

Baba Saje ya saurara sosai, shi ne ma abin tsoron. Ya ce, "Malam, har gwamnati ba za ta ji saƙon ba?"

"Har gwamnati, Baba." Da murmushinsa ya faɗa.

Tsohon ya ajiye kofi. Ya ce shi ya kwana da na'urar saƙo a kunne shekara da shekaru, ya kuma san irin mutanen da ke neman maganar da gwamnati ba za ta ji ba, ya san inda suke ƙarewa. Ya ga matan da aka bari da yara a bariki, ba zai ƙara musu da 'yar wansa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa. Babanmu, mutumin masaƙa da bai saba da gardama ba, ya sunkuyar da kai. Yaya kuma sai ya shiga ƙara bayani, kowace kalma tana ƙara ɓata abin.

Ina durƙushe na ce wa tsohon, "Baba, babu wani inji. Ko waya ɗaya ba shi da ita. Masu abin ma ba su ƙera komai ba, takarda ce kawai, ni nake buga masa. Tocilan ɗinsa ma tun Kirsimeti ba batir."

Sai Baba Saje ya tuntsire da dariya har da tari. Ya tambayi Yaya ko gaskiya yarinyar ta faɗa. Yaya ya dubi tabarma ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Ashe malamin mafarki ne. To, mafarki ba ya kai mutum gidan yari."

Ya mayar da hula kan gwiwa, ya shanye kununsa, ya ce wa babanmu manya su zo.

Da a sake, zan sake faɗa, don ƙarya ba ta shiga ciki ba. Amma maganar tocilan ba a buƙace ta ba. Mutumin da ɗalibai ke miƙe wa tsaye, na zaunar da shi ƙasa a gaban surukinsa, a gaban ubansa, da murya mai daɗin ba da dariya. Na kwashi kofuna ban iya ɗaga ido ba, kuma na daɗe ina kauce wa cin abinci in yana tsakar gida.

Ranar ɗaurin aure Baba Saje ya maimaita labarin a gaban jama'a, ya sa aka nemo ni a gan ni. Aka yi ta tafi. Yaya ma ya tafa kaɗan. Da amarya ta jawo ni gefe za ta yi mini godiya, na ce mata don Allah ta bar maganar.