Mun Kai Baba Likita, Muka Bar Inna

Ina cikin aji a Tasawa, alli a hannuna, wayar yayana Sani ta shigo daga garinmu, Sarkin Hausa. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Rabi, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe kuma in rasa inda zan nufa.

Mahaifiyarmu Hadiza mace ce da ba ta iya ganin baƙo ya wuce ƙofarta da yunwa. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen ci. Rayuwarta duk a bakin murhu ta yi ta, cikin ɗan ɗakin girki marar taga, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafin hayaƙi ba. Takan ce, "Mai tuwo ba ta ciwo sai an gama rabo." Da muna dariyar wannan magana. Yanzu haushinta nake ji.

Sigari kuwa ko taɓa shi ba ta taɓa yi ba. Baba ne mai sha tun yana saurayi, a ɗakin da suke kwana. Takan kore hayaƙin da gefen zanenta ta ce, "Malam, kai da murhu ban san wa ya hi wani ba."

Da tari ya kama su su biyu bayan girbin gero, muka taru muka ce a kai su asibiti a Maradi. Inna ta ƙi.

"Ku tahi da babanku, shi ne mai taba," in ji ta. "Tarin mace na murhu ne, da an sauke tukunya sai shi kwanta."

Muka yarda, domin mu ma abin da muka sani ke nan, ciwon huhu na maza ne. Aka duba Baba, aka ba shi magani, ya warware. Ita kuma ta yi ta ramewa cikin zanenta tana rabon tuwo, har ranar da matar Sani ta ga jini a ƙyallenta.

Sai a lokacin muka kai ta Maradi. Likitan da ya ga hoton ƙirjinta ya ce kansar huhu ce, kuma ta yi nisa. Sani ya ce ai ba ta shan taba. Likita ya ce gaskiya ciwon ya fi kashe maza don sun fi sha, amma yana kama matan da ba su taɓa sha ba, kuma hayaƙin miji da na itace duk huhu ɗaya suke shiga. Baba na tsaye a wurin, ya ji kowace kalma. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, kar ka ɗora ma kanka. Kwana ne ya ƙare."

Bai ji wannan ba. Tun da aka rufe ta ya bar sigari, ya bar abinci ma. Tarinsa ya dawo. Na durƙusa na roƙe shi mu koma Maradi, ya ce, "Ɗiyata, ku bar ni. Ciwona ne ta ɗauka."

Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zame mata kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba mu haƙurin rashinta. Baba kuma, ya Ubangiji, Ka sanyaya zuciyarsa ya yarda ya hau motar Maradi. Ka bar mana shi, ko da shi ba ya so.