Rawanin da Ya Dawo Fari

Akwai abin da na aikata a Doka shekaru masu yawa da suka wuce wanda har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsatso mini, kuma na san ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Ba sata na yi ba, ban kuma doki kowa ba. Sunkuyawa kawai na ƙi yi.

Unguwarmu ta Hausawa ce, yawancinmu jikokin mahajjatan da suka yada zango a ƙasar Gadarif suka zauna ke nan. Ɗaya daga cikin kakannin nan ya bar wani fili wakafi, aka yi gayya aka kafa bukkoki goma sha biyu a kansa, irin masu jinkar ciyawa da muke kira gutiyya. An yi su ne don tsofaffin leburorin da manyan gonakin tarakta suka cinye ƙarfinsu, suka tsufa ba mata ba ɗa, ba kuma hanyar komawa gida. Mu biyar ne amintattun da ke kula da wurin, ana ce mana lajna. Ba a biyan kowa ko sisi, iyakarmu shayin da muke sha a gindin dogon yaro bayan sallar Juma'a. Ni ne ƙarami a ciki, kuma in faɗi gaskiya ba don hankalina aka sa ni ba. An sa ni ne don na zama wakilin wata babbar gona, ina da iko da lori.

Babban aikin lajna shi ne jinka. Tun da taraktoci suka nome dajin da ke kewaye da gari, ciyawar rufi ta yi nisa, sai an tafi da lori a rani an yanko. In damina ta sauka kuwa, magana ta ƙare, babu busasshiyar ciyawa sai bayan kaka. A shekarar nan abin da muka samo bai wuce na bukka huɗu ba, don haka dole a zaɓi waɗanda suka fi lalacewa. Shugabanmu, wani dattijo mai sanyin magana da kowa ke kira Malam, yana da hanyarsa ta dubawa wadda ba ya yarda a sake ta. Ka je da rana tsaka, ka shiga, ka ja ƙofa ka rufe, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga hasken rana ya leƙo, nan ruwa zai bi. Sannan ka kai hannu ka girgiza itacen jinka ka ji ko gara ta ci. Aka raba mana bukkokin, uku suka faɗo a kaina.

Ranar da na je dubawa, da la'asar ɗinta mai gonarmu zai iso daga Gadarif, ni kuwa na ci ado don tarbarsa. Na sa farar jallabiya, na naɗa sabon rawani wanda na yi kusan rabin awa a gaban madubi ina gyara shi. A lokacin ji nake duk Doka ba wanda ya kai ni. Bukkoki biyu na farko ba su ba ni wahala ba, don tun daga waje ana ganin ciyawarsu ta zazzago. Ta ukun ita ce ta can ƙarshe, ta wani tsoho da ya shekara sama da talatin yana yankan riɗi da dawa a gonakin mutane. Yana da tari mai nauyi, a cikin ɗakin yake hura wuta yake dafa abincinsa, ƙofar kuma gajera ce, sai ka durƙusa za ka shiga.

Na same shi zaune a bakin ƙofa yana gyaran igiyar gado. Muka gaisa, ya matsa gefe ya ba ni hanya.

"Shigo ka gani, ya waladi," ya ce, wato ɗana da Larabci. "Ta wajen gabas ɗin nan ba ta yi mini ba. In iska ta taso ina jin ta tana kuka."

Na leƙa daga inda nake tsaye. Warin hayaƙi da na tsohon da ya daɗe yana jinya ya bugo ni, na hangi kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana reto daga jinka. Na dubi jallabiyata. Sai na ja da baya, na zaga bukkar sau ɗaya hannuna a baya kamar wani masani, na ɗan ja ciyawar gefe.

"Baba, wannan tamam take, lafiyarta lau. Za ta kai baɗi."

Ya dube ni, ya dubi rawanina, ya ce, "To, Wakili, kai ka sani." Ya ci gaba da jan igiyarsa.

Daga nan na biya ta gindin dogon yaro na gaya wa Malam da sauran cewa biyu suna son rufi, ta tsohon kuwa lafiyarta lau. Malam ya tambaye ni ko na duba da kyau, na ce na duba. Ya ce to. Aka yi gayya a makon, aka rufe bukkoki huɗu, ciyawa ta ƙare. Ni ma har da ɗauka a raina cewa na yi aikin lada.

Ruwa na uku na daminar nan ya zo da iska mai ƙarfi, bayan azahar. Ina gida aka aiko cewa jinkar tsohon ta rufta. Wanda ya san laka irin ta ƙasarmu ya san yadda take kama ƙafa, sai da na cire takalmi na riƙe a hannu kafin na isa. Na tarar maƙwabtansa, tsofaffi irinsa, sun jawo shi waje sun lulluɓa masa buhu. Itacen gabas ne ya karye, gara ta cinye cikinsa tas, da hannu ɗaya na murƙushe guntunsa ya zama gari. Da a ce na shiga ranar dubawa na kai hannu, da yatsa biyu sun isa su gaya mini. Ɗan buhun dawarsa ya jiƙe, gadonsa yana cikin ruwa, shi kuma yana ta rawar ɗari yana tari har yana dafe ƙirji. Sannu kawai ya yi mini da shan taɓo.

Ranar Juma'a lajna ta zauna, aka kawo tsohon daga zauren masallaci inda aka sauke shi. Mutanen unguwa da dama sun tsaya, don rai ya ɓaci, wasu na cewa amintattun nan shan shayi kawai suka iya. Malam ya tambaye shi a gaban kowa ko an zo an duba masa ɗaki kafin ruwa.

"An zo. Wakili ne ya zo."

"Ya shiga ciki?"

Ƙasar da duk rani take tsagewa har ƙafar jaki ta faɗa, ranar nan ta ƙi tsagewa in shige. Tsohon ya gyara mayafinsa, ko inda nake bai kalla ba.

"Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya duba. Iskar ce ta fi ƙarfin itace. Ma'alesh, ba komai, abin Allah ne."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na yi shiru. Bakina yana nan, harshena lafiya lau, na bar tsoho mai jinya ya yi ƙarya a bakin masallaci don ya rufa mini asiri, har na gyaɗa kai. Da taro ya watse Malam ya riƙo hannuna muka koma gefe.

"Ɗana, shekara ashirin ina shiga ɗakunan nan," ya ce, "ban taɓa fitowa da hula mai tsabta ba. Ranar da ka dawo rawaninka fari fat yake. Na gani, na ji nauyin in kunyata ka a gaban manya, na yi shiru. Laifin namu ne mu biyu, ni ma zan amsa nawa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga wurin ban zame ko'ina ba sai zauren masallaci. Na durƙusa gaban tsohon, abin da na kasa yi a ƙofarsa, na ce ya yafe mini, na kuma tambaye shi me ya sa ya kare ni. Na ɗauka zai ce don yana ƙaunata ne, ko don yana ganin girman mahaifina. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya waladi, in sun cire ka daga lajna wa zai ba mu lori? Saura ɗaki goma sha ɗaya a wurin nan, duk da mutane a ciki." Ya numfasa, sannan ya ƙara da cewa, "Na yafe. Amma baɗi ka shigo."

Na roƙe shi ya dawo zauren gidana, ya yarda bayan ya ja mini rai kwana biyu. Juma'ar da ta biyo na tashi a gaban lajna na faɗi gaskiya da bakina. Ba su cire ni ba, wani daga cikinsu ma cewa ya yi daga yau duban ɗakuna goma sha biyun duk nawa ne. Amma gaskiyar da ta zo a makare ba ta busar da ciyawa ba. Muka lulluɓa tampol a kan bukkar muna jiran kaka, shi kuma kullum da safe sai ya tambaye ni ko ciyawa ta fara bushewa. Tarin bai sake shi ba tun daga ruwan nan. Ana tsakiyar yankan riɗi Allah ya karɓi abinsa, a zaurena, bai sake kwana a ɗakinsa ba. Ban ce ni na kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma na san wanda ya sa ruwa ya dake shi.

Da rani ya zagayo, ni na kai lori, ni na hau na ɗaura itacen gabas da hannuna. Da aka gama rufi na jira rana ta take, na durƙusa na shiga, na ja ƙofa na rufe. Duhu ne sosai, ko ɗigon haske babu. Na tsaya a ciki ni kaɗai na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Na ƙara shekara goma sha tara a lajnar nan, kuma ban sake cewa na duba abin da ban duba ba, a ɗakin tsoho ne ko a gona. Abin da na koya shi ne amanar talaka ba a riƙe ta daga bakin ƙofa, kuma wanda ke tsoron tufafinsa su yi datti gara ya faɗa tun farko a ba wani aikin. Matata ta yi ta mita kan wankin rawani duk ƙarshen rani, har ta gaji ta daina, don ta gane ranar da ya dawo baƙi ita ce ranar da nake iya cin abinci hankalina kwance.