Riɗin Baba a Kwalin Shayi

Ranar sha huɗu ga Fabrairu, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Karaye, na sulale daga makaranta da hantsi na tsuguna a madafin Inna ina hura wuta. A shagon cajin waya na ji manyan yara suna cewa ranar masoya ce, wai duk wanda bai kai wa budurwa komai ba ɗan ƙauye ne. Mu da dukanmu 'yan ƙauyen ne. Ni kuwa akwai Saude mai awara a ƙofar makaranta, ta taɓa yi mini gyara sau biyu, na ɗauka shi ke nan an mutu a kaina.

Lokacin matsar rake ne. Dama na yini biyu ina iza wa masu dafa ruwan rake wuta a fadamar ƙauyen Turawa, aka sallame ni da curin mazarƙwaila. Kwalin da zan zuba kyautar na shayi ne, na shimfiɗa masa takardar jarrabawar lissafina, sifirin da na ci yana kallon ƙasa. Saura riɗi, kuma na san inda yake: wata 'yar gora a rataye a ɗakin Inna, bakinta toshe da tsumma. Inna ta tafi barka maƙwabta. Na juye shi a kasko na soya, na narka mazarƙwailar na zuba, na baza a faranti na yayyanka. Kantu ya yi kyau, wallahi. Har yau ban sake yin wani abu mai kyau haka ba.

Ƙamshin ne ya tarbi Inna tun daga zaure. Ta dubi kasko, ta dubi gora a kife. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. "Kai, iri ne fa," ta ce. Irin Baba ne, farin riɗin da ya gada wurin kakanmu a Rogo, shi ya tsince shi da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Damina ɗaya ta wuce Inna tana takaba, ba a shuka ba. Wannan mai zuwa ake jira. Abin da ya ga wuta kuwa ba ya tsiro.

Na sunkuya ina jiran muciya. Ba ta taɓa ni ba. Zama ta yi tana bubbuga gindin gorar a kan faifai, ƙwayoyi na faɗowa ɗai-ɗai, ba su cika cokali ba. Ta ƙulle su a bakin zane. Sannan ta jera kantun a kwalin da kanta, ta ce, "Kai mata. Kada a yi asara biyu."

Na kai. Saude ta raba wa ƙawayenta, ɗaya ta zaro takardar ta karanta sifirin da ƙarfi, aka yi dariya. Ni ma na yi, ai ba da dariya sana'ata ce.

Da ruwa ya sauka muka shuka ɗan ƙullin nan a bayan rumbu. Ni ne gadi, na yi faɗa da kaji da akuyar maƙwabta har kaka. Sai da aka yi damina uku gorar ta sake cika.

Yanzu ina jan adaidaita a Kano. Duk Fabrairu ina ɗaukar samari rungume da kwalaye masu jan zare, in tsokane su, su ƙara mini na shan ruwa. Inna ta bi Baba, gorar tana wurin ƙanwata. Fuskar Saude ta ɓace mini tuni. Ƙarar gorar nan a kan faifai ce ta ƙi tafiya.