Icen da Wilf Garrad Ya Tara

A cikin jirgin ruwa aka haifi Wilf Garrad, a cikin jirgi ya yi aure, kuma da son samu ne da a ciki zai mutu. Mahaifinsa dakon kwal yake yi a haƙaƙƙen kogin da ya ratsa garin Napton, tun zamanin da doki ke jan jirgi. Shekara goma sha ɗaya jirgina na ɗaure a bayan nasa.

Shekarar da na tare a jirgina, ban san dawan garin ba. Watan goma ya kama, jirgin Stan mai sayar da kwal ya tsaya, na karɓi buhu biyu. Wilf na tsugune a kan rufin jirginsa yana kallona.

"Glenys, shayi za ki dafa da wannan, ko hunturu za ki ci?"

"In ya ƙare ai sai in ƙaro, Baba."

"Ki ƙaro a ina? Ranar da ruwan nan ya daskare, ko kakan Stan bai isa ya zo nan ba."

Stan ya fashe da dariya, ya sauke mini ƙarin takwas.

Wilf ne ya koya mini cewa kwal na riƙon wuta ne, ice kuwa na hira. Duk ranar da aka yi iska, washegari za ka gan shi ya tura baro ya bi gaɓa, da zarto da gatari, yana neman reshen da ya faɗi. In a gonar wani ne, sai ya yi sallama tukuna. Yakan yanka tsawon kamu ɗaya daidai bakin murhu, ya faskara, ya jera a kan rufi ya rufe da tamfol. Ba ya taɓa ice sai ya shekara biyu. Sai ya ɗauki guda biyu ya gwara su kusa da kunne. In ƙarar ta fita tas, ya bushe.

Ni kuwa gaggawa ta sa na cusa ɗanye a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe jirgin, na fito ina tari.

"Sannu, mai kifi," in ji shi. "Yaushe za a fara sayar da bandar?"

A hunturuna na shida kogin ya daskare har mako bakwai. Jirgin Stan ya maƙale can nesa. Mu jirage biyar ne a wurin, kwal ɗin kowa ya kusa ƙarewa. Wilf ya yaye tamfol ɗinsa ya ce kowa ya ɗiba. Sannan ya kafa doka: da rana kowa ya rage wutarsa, a taru a nasa. Mu takwas muke cunkushewa, gwiwa na gugar gwiwa, dankali na gasuwa a toka, buta ba ta sauka daga murhu. Yana ba mu labarin dokin mahaifinsa da ba ya ɗaga ƙafa sai an ba shi ɓawon tuffa. Sau biyar na ji labarin nan, kowane karo dokin na ƙara taurin kai. Ban taɓa jin daɗin sanyi kamar na shekarar ba.

Yana da tamanin da uku ya zame daga kan rufi, kafaɗa ta goce. 'Yarsa Sheila ta ce ya isa haka, ta ɗauke shi zuwa wani gidan bene a garin Rugby. Da na je gaishe shi, ya ja ni ya nuna mini wani maɓalli a bango.

"Kin gani? Dannawa kawai ake yi. Ɗaki ya ɗauki zafi, amma ba abin da mutum zai zuba wa ido."

"Ai ka huta, Baba."

"Hutun jaki da kaya," ya ce, ya juya wajen taga.

Hunturu biyu ya yi a can, ya rasu a farkon watan uku. Wasu ma'aurata daga Landan suka sayi jirgin, suka cire murhun suka sa na'urar ɗumama mai shan mai. Mutanen kirki ne, muna gaisawa, jiya ma matar ta kawo mini burodin da ta gasa.