Hotunan da Gara Ta Ci

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, ina aiki a injin gurzar auduga a Funtua. Idan kakar auduga ta wuce, sai ni da mai ɗakina mu shiga mota mu je ganin wuraren tarihi. Mun je hasumiyar Gobarau a Katsina, mun je rijiyar Kusugu a Daura, mun hau Dala. Ko'ina sai in tsayar da ita a tsakiya in ɗauke ta hoto, tana jan mayafi tana cewa, "Malam, yi sauri mana, mutane na kallo."

Ita ke liƙa hotunan a wani babban littafi. Koko take damawa mai kauri, ta dangwala da yatsa a tsakiyar bayan hoto, ta danna da tafin hannu. Wai ya fi ƙaro kamawa.

Da ta rasu na tura littafin ƙasan akwatin katako, na daɗe ban iya buɗe shi ba. Ashe gara ta shiga. Tsinanniyar ba ta bi komai ba sai kokon. Kowane hoto ta huda shi a tsakiya, daidai inda mai ɗakina take tsaye.

Ga hasumiya, ga rijiya, ga dutse, ba abin da ya taɓa su. Su da ma suna nan, kowa ya je zai gani. A hoton Daura kaɗai gefen mayafinta ya rage.