Yaya Tukuna Zai Sayi Jif

Wan matata ne. Hoton ƙashi yake ɗauka a asibiti, a wani ɗaki mai sanyi da ba taga, tun yana saurayi har furfura ta cim masa a wurin. Ni kuwa bakanike ne, ƙafar mota nake gyarawa. Duk dangi Yaya Tukuna muke ce masa, a gaban idonsa da bayan idonsa, kuma yana amsawa.

Ba sharri aka yi masa ba. In ka ce a tashi, ya ce tukuna. In ka ce ga abu mai kyau a saya, tukuna. Da zai sayi firji ya yi ta zarya shagon har mai shagon ya fara bar masa jiran kaya in zai fita. Matarsa ta ce da ba ta yi masa ƙaryar wani ya fito ba, da har yau yana nazarinta. Kuma ba rowa ba ce. Aikinsa ne ya ɓata shi. Ya sha ganin ƙato ya shigo da ƙafarsa yana dariya, hoto ya fito da tsagewa a ƙugu. Shi ya sa bai yarda da fuskar komai ba, ga shi babu injin da zai tura firji ciki ya haska.

Ba zan ci amanarsa ba. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar babansu, shi ya yi wa matata makaranta, bai taɓa goranta wa kowa ba. In ya ce zai zo, zai zo. Kafin ya faɗa ɗin ne aiki.

Inna, mahaifiyarsu, a wurinsa take zaune, kuma gwiwoyinta sun ƙare. Shi da kansa ya ɗauki hoton, ya ɗaga a fitila ya nuna mana inda ƙashi ke gogar ƙashi. Daga ɗaki zuwa falo da sanda, iyakar tafiyarta ke nan. Ƙaramar motarsa ta yi mata ƙasa: in ta shiga, fitowa sai da mutum biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, ita kuma tana zagin su duka. Rannan ta ce ta gama, ba ta ƙara shiga wannan kwanon.

Tana da ya, babbar 'yar'uwarta, wadda ta goya Inna tun tana jaririya. Yayar tata tana kwance ba lafiya a wani gari mai nisa, rabin hanyar babu kwalta sai ramuka. A waya suke gaisawa, kuma kullum muryar raguwa take. Inna ta ce tana so ta gan ta da idonta tun akwai wadda za a gani. Yaya ya ce zai sayi jif. Ba ƙatuwar nan ta masu jiniya ba, matsakaiciya, mai kujerun fata da layi uku, wadda za ta kwashi iyali ta kuma haɗiye rami Inna ba ta sani ba. Ya daɗe yana tari. Ya ce in raka shi dubawa. Ina da motocin mutane a gareji, na buɗe baki zan faɗa, matata ta kalle ni. Na raka shi.

Mun fara da masu sayar da sababbi. Ƙasan wurin har ɗaukar ido yake, na tsaya a bakin ƙofa ina duba takalmina. Wani mai kwat ya taho da hannu a miƙe.

"Yallaɓai, wannan ba mota ba ce, falo ne mai taya."

"Ina da falo a gida," in ji Yaya. "Buɗe mini baya."

Ya kutsa layi na uku, gwiwarsa ta taɓo haɓarsa. Ya zauna haka yana kallon mai kwat.

"Wa ke zama a nan?"

"Yara, yallaɓai."

"Masu ƙafa?"

Mai kwat ya yi dariya, Yaya bai yi ba. Ya fito ya buɗe but, ya ga in an tayar da kujerun nan abin da ya rage ba ya cin fiye da jakar hannu. Ya koma gaba ya nemi maɓallin sanyi bai samu ba, aka nuna masa yana cikin allo, sai ka danna nan ka danna can, idonka ba ya kan titi. Na faɗa masa gaskiyar sabuwa a hanya: tana da garanti, babu wanda ya taɓa wulaƙanta ta, za ka yi shekaru ba ka san lambata ba. Amma ranar da tayarta ta taka titi darajarta ta fara zubewa, kuma kuɗinta ya wuce abin da ya tara. Ya ce to mu ga na hannu tukuna.

Filin na hannu a bayan wata tasha yake, motoci a jere kai da kai, dillali da makullai cike da aljihu. Duk wadda muka tsaya a kanta labarinta ɗaya.

"Wannan wata dattijuwa ce ke tuƙa ta, daga gida sai asibiti."

Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa haɗuwa da dattijuwar ba, amma na gyara motocinta da yawa. Ba na sauraron dillali. Kwali nake shimfiɗawa in shiga ƙasa. Ina duba inda mai ke jiƙa, da robobin ƙafa, da taya in ta cinye ta gefe ɗaya. Ina sa a fito da mota rana in ga ko fentin ƙofa ya saɓa da na jiki. Ina taɓa bonet kafin a tayar, don in na ji ɗumi na san an riga an ɗumama ta ne kada giya ta yi harbi a gabanmu. Yaya kuma da tocilansa yake bin walda yana ƙanƙance ido. Wata mun ɗaga kafet muka ji warin ruwan da ta taɓa nutsewa a ciki. Wata rufinta na gilashi yana yoyo. Wata kuma babu abin da ya same ta, Yaya ya ce wannan shirun nata ne bai yi masa ba.

Akwai wata ruwan toka da ta tsaya mini a rai. Inji tsaf, giya tsaf, fata ba tsagewa. Da na shiga ƙasa sai na ga ba sifirin gare ta ba, ƙafar iska ce: jakunkunan roba da famfo ke hurawa, ka danna maɓalli ta ɗaga, ka danna ta sauka. Na fito na kakkaɓe riga na ce a'a.

"Me ya sa?"

"A sabuwa daɗi ce. A ta hannu kuwa roba ce, roba kuma tana tsufa. Wata safiya za ka fito ka tarar da ita kwance a kan cikinta kamar saniya mara lafiya."

Yaya ya gyaɗa kai da jin daɗi. Yana son a ce a'a, hutu take ba shi.

Haka muka yi ta yi duk ranar da ba ya aiki. Dillalin ya daina tashi in ya hango mu, sai dai ya wurgo mini makulli. A can kuma yayar Inna ta kai ba ta iya riƙe waya, sai surukarta ta kara mata a kunne. Inna ta daina tambayar mota. Matata ta daina yi mini magana in ba ta kama dole ba, alhali ba ni ne mai sayen ba.

Wata ranar hutu muna falon Yaya, shi yana nuna mini hotunan wata jif a waya, Inna ta buga sandarta a ƙasa ta dube ni.

"Kai mai baƙin mai, matso nan. Mota kuke nema ko aurenta za ku yi?"

"Inna, ana dubawa ne don kada a..."

"Ba da kai nake ba, ai kai ɗan rakiya ne. Kai babba, gobe ka tafi da ni."

"Inna, tuku..."

"Ƙarasa mana. Ƙarasa in ji."

Bai ƙarasa ba.

Washegari muka cusa ta a ƙaramar motar, muka zaro ta a filin dillali, ta zage mu daidai gwargwado. A lokacin akwai wata fara mai sifirin da ni na zaɓa, kuma har Yaya ya kai ga cewa ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Dillali ya buɗe ƙofar baya da ladabi. Inna ta dogara sanda ta kalli bakin ƙofar. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta kama marikin sama ta sake ɗagawa, na ga gumi ya tsatsafo mata a goshi. Ta mayar da ƙafar ƙasa a hankali.

"Tsanin yana ciki ne, ko daban ake sayarwa?"

"Mama, bari mu ɗan tallafa miki," in ji dillali, yana naɗe hannun riga.

"Taɓa ni ka gani. Ni buhu ce?"

Aka kawo akwatin lemo aka kifa. Ta ɗora ƙafa ɗaya, akwatin ya motsa, ta sauke. Ta ce a mayar da ita gida.

Mun shiga ƙarƙashin motoci, mun leƙa samansu, mun shinshina kafet. Shi ya san cikin gwiwar nan fiye da kowa a duniya, ni na san tsayin kowace jif daga ƙasa. A cikinmu babu wanda ya taɓa haɗa biyun.

Yaya na tsaye, tocila a hannu da rana tsaka. Can ya juya ya ce wa dillali ya ba shi makullin ruwan tokar. Ya shiga ya tayar, ya laluba ya samu maɓallin ya danna. Muka ji huci, motar ta yi ƙasa sannu a hankali, gaba da baya, har ta tsaya. Ya fito ya buɗe ƙofar baya.

Inna ta tako da sandarta. Ta kalli motar sama da ƙasa.

"Wannan dai an yi mata tarbiyya."

Ta ɗora ƙafa, ta kama mariki, ta juya ta zauna. Da kanta. Ta jawo ɗaya ƙafar, ta gyara zane, ta ɗora sandar a cinya ta ce a rufe mata ƙofa zafi na shigowa.

Na ja Yaya gefe, amma gilashinta a sauke yake.

"Yaya, na gaya maka za ta ba ka wahala."

"Na ji."

"Robobin bayan sun fara tsattsagewa. Ba yau ba, amma suna hanya."

"Za ta kai ta?"

"Za ta kai ta."

"In ta kwanta daga baya, wa zai gyara?"

Inna ce ta amsa daga ciki: "To da don me na ba shi 'yata?"

A ranar ya saya. Dillalin ma sai da ya tsorata, ya tambaye shi ko zai je ya yi shawara. Na kai ta gareji na shafa wa ƙafafun ruwan sabulu, inda ya yi kumfa na canza tiyo. Daga baya ta kwanta mana ba sau ɗaya ba, kamar yadda na faɗa, kuma ni nake shiga ƙasa. Mai ma tana sha kamar an aiko ta. Ba a taɓa jin Yaya ya yi ƙorafi ba.

Da sassafe muka kama hanya, shi a sitiyari, ni a gefensa, Inna da matata a baya. Tuƙin Yaya irin maganarsa ne, har mai keke ya wuce mu ya waiwayo. Da kwalta ta ƙare na danna maɓalli motar ta ɗaga, muka shiga ramuka. Na waiwaya in tambayi Inna ko tana jin jijjiga, na tarar ta yi barci, baki a buɗe.

Mun isa da rana a sama. Gida ne mai ƙaramar ƙofa da tagar ɗaki a kan titi. Motar ta sauka, Inna ta fito ba ta jira hannun kowa ba, ta shige, matata na bin ta. Ni da Yaya muka tsaya a jikin mota. Ta tagar muka ji wata siririyar murya.

"Sai yanzu?"

"Ki tambayi ɗanki, yana waje."

"Kin yi ƙiba."

"Ke kuma kin zama tsinke. Matsa mini."

Yaya ya ciro hankici ya shiga goge madubin gefe, wanda ba abin da ya same shi. Ya daɗe yana gogewa.

Can surukar gidan ta fito ta gaishe mu, ta ce Inna ta ce a shigo mata da babbar jakarta. Yaya ya ce wace jaka, ai yini aka zo yi. Na buɗe but, ga ta nan a kwance, matata ce ta sa ta tun muna duba taya. Surukar ta ce Inna ta ce kuma in mun huta mu kama hanya, za ta kira in tana bukatarmu.

Yaya ya ɗauki jakar da kansa ya kai ciki. Inna ba ta kira ba sai bayan da yayar tata ta cika, kuma Inna tana zaune a bakin gadon lokacin.