Akwatin Dakoro da gangar Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar Ɗan Gulbi, ni da ɗan kawuna, a bayan wata a-kori-kura da ta ga jiya ta ga yau. Buhunan wake ne kujerunmu, akuya biyu maƙwabtanmu. Jika biyu-biyu na sefa direba ya karɓa, akuya kuwa rabin kuɗi, alhali sun fi mu cin wuri.

Abin da ya kai mu Dakoro shi ne Baba. A zamaninsa makaɗin gangar noma ne, ba a gayya a yankinmu sai da shi. Wani baƙo ya taɓa ɗaukar kiɗansa a kaset, ni kuma bara na sa aka juye a katin waya. Na kunna masa ina ta rawar kai, ya kanga wayar a kunne, ya ce shi ƙarar gyare kawai yake ji. Kunnensa ya yi nauyi, kullum kuma ƙara nauyi yake. Abin ya tsaya mini a rai. Ina so ya ji hannunsa tun kafin jin ya tafi gaba ɗaya. Sai aka kwatanta mini wani kafinta a Dakoro mai ƙera akwatin lasifika, na yi masa waya, muka daidaita, ya ce in zo bayan sati uku.

Sau biyu muka sauka muka tura mota a rairayi. Ɗan kawuna ya ɗora yatsa ɗaya a jikinta yana nishi kamar shi kaɗai ke turi. Da muka hau kwalta jiki ya huta. Dama da hagu an gama girbi, dammunan gero jere a bakin rumbuna, makiyaya sun saki shanu cikin kara. A Ajekoriya muka sha fura da nonon da ba a yi masa ha'incin ruwa ba, na sayi cuku na tsarabar gida, amma kafin mu isa Dakoro abokin tafiyata ya rage masa nauyi.

Shagon kafintan yana bayan kasuwa. Dattijo ne siriri, da fensir maƙale a kunne. Da na ga akwatin sai da gabana ya faɗi, don ya kai mini ƙirji, kuma ban ga lasifika ko ɗaya a fuskarsa ba. Ya cire allon gefe ya nuna mana. Lasifikar tana can ciki a ɓoye, tana hurawa cikin wani ƙaramin maƙogwaro. Daga nan hanya ta miƙe tana buɗewa a hankali kamar ƙahon sa, sai dai an naɗe ta sau uku don ta shiga akwati. Ya ce kakkaurar murya irin ta ganga doguwar hanya take so da baki mai faɗi. Kowace mahaɗa ya liƙe ta da gam, ya tokare alluna daga ciki don kada su yi kakkarwa, domin in iska ta sami kafa ko kamar ta allura, aiki ya ɓaci. Daɗin abin, ƙaramin ampili mai ƙara murya da batirin sola sun ishe shi.

Ya tura shi lungun shago ya kunna. Wallahi a cikina na fara jin gangar kafin kunne. Ina cikin washe baki sai ya ce, "Ka aje shi ga kusurwar ɗakin tsoho hwa. Bango biyun nan su ka cika mai baki."

Ɗakin Baba kago ne, zagayayye, tun da aka gina shi bai san kusurwa ba. Sati uku muna waya, na faɗa masa taku nawa ne ɗakin, ban taɓa cewa kewaye yake ba, shi ma bai tambaya ba. Ɗan kawuna ya yi dariya har da zama a ƙasa. Kafintan ya ja akwatin tsakiyar fili don in ji da kunnena, sai muryar ta rame, rabinta ya gudu. Muka ci dambu da zogale a bakin tasha, ni dai ban san ɗanɗanonsa ba.

Da la'asar muka iso gida, akwati ɗaure a saman mota, an caje shi kuɗin mutum biyu. Ɗaki mai kusurwa a gidanmu ɗaya ne, shigifar matata, Baba kuwa bai taɓa taka ƙofarta ba, ɗakin suruka ne. Ita ta raba gardama. Ta fito da gadonta da kwanukanta tsakar gida, ta yafa mayafi ta ce, "A gaya ma Baba yau ɗakin ga ba nawa ba ne, ni na tahi maƙwabta."

Da kyar ya shiga, kansa a sunkuye. Na zaunar da shi kusa da lungu na kunna. Can sai yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa, daidai da kiɗan, ba su kuskure ko bugu ɗaya ba.

Tafiyar nan ta koya mini in za ka ba mai sana'a aiki, ka faɗa masa har abin da kake ganin kowa ya sani. Ta kuma koya mini wani abin da ban taɓa tunani ba, shi kuwa daga bakin Baba. Da kiɗan ya ƙare ya share ido da hannun riga ya ce, "Shekara arba'in ina bayan ganga, ban taɓa jin ta daga gaba ba. Ashe haka manoma ka jin ta. Maido shi daga hwarko."